KOYON ZANA SURAR MUTUM TA HANYAR SIFFOFI MASU SAUƘI

DALILIN WANNAN DARASI

Duk wanda ya shiga ɗakin shan magani ko makarantar firamare a Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum zai tarar da takardu manne a bango masu hotunan mutane. Wata tana nuna uwa tana ba ɗanta ruwan gishiri da sukari, wata tana nuna yaro yana wanke hannu, wata kuwa manomi ne yake zuba taki. An yi su ne domin wanda bai yi karatun boko ba ya duba ya gane abin da ake nufi, gama gani ya kori ji. To, idan mai zane ya kasa nuna abin da hannun uwar yake yi, ko ya zana cokalin shayi ya yi girman ludayi, saƙo ya ɓaci ke nan, alhali kuwa lafiyar yaro tana rataye da wannan saƙo.

Tun daga shekarar 1976, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Bauci aka kuma soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, bukatar malamai masu iya zane a babban allo ta ƙaru ƙwarai. A shekarar 1977 aka buɗe babbar makarantar horon malamai a Azare, wadda yanzu ake kira Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh. Amma har yau malamai da yawa sukan ja da baya in an ce su zana mutum, suna cewa baiwa ce wadda Allah bai ba su ba. Gaskiyar magana ita ce zane yana da ƙa'idodi kamar ɗinki da gini, kuma duk mai haƙuri yana iya koyonsu. Wannan darasi zai bayyana hanya ɗaya mai sauƙi, watau a ɗauki jikin mutum kamar an harhaɗa shi da ƙwai da akwati da gwangwani da mazurari.

ASALIN WANNAN HANYA

Zane ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. A duwatsun Shira, cikin masarautar Katagum, akwai zane-zane na mutanen da, haka kuma a Geji ta ƙasar Toro da Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, kuma an sa su cikin kayan tarihi da Gwamnatin Tarayya take kiyayewa. A Nok ta Jihar Kaduna an tono siffofin yumɓu waɗanda suka haura shekara 2,000. Masu binciken tarihi sun lura cewa kawunan waɗannan siffofi iri uku ne: wasu mulmulallu kamar ƙwallo, wasu kamar gwangwani, wasu kuma masu tsini kamar mazurari. Ashe masu aikin yumɓu na wancan zamani sun riga sun gane abin da za a koyar a nan.

A ƙasashen Turai ma haka abin yake. Wani Bajamushe mai suna Albrecht Dürer ya yi littafi a kan ma'aunin jikin mutum wanda aka buga a 1528, a ciki har ya zana kai da gangar jiki kamar akwatuna. Luca Cambiaso, mutumin Italiya wanda ya rasu a 1585, ya bar takardu masu yawa inda mutane suke kamar tarin bulo. A 1904 wani Bafaranshe, Paul Cézanne, ya shawarci wani matashin mai zane da ya riƙa duban kowane abu ta hanyar waɗannan siffofi. A Nijeriya kuwa, Aina Onabolu ne ya yi fafutikar sa darasin zane cikin makarantu bayan ya komo daga karatu a London da Paris a 1922. A 1955 aka mai da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

KAYAN AIKI

Wannan koyo ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Fensir da takarda da abin gogewa sun wadatar. In babu takarda mai kyau, bayan tsohuwar kalanda ko kwali ya isa. Gawayi yana zane sosai, alli da allo kuma suna nan a kowace makaranta. Ban da waɗannan, mai koyo ya tanadi abubuwa huɗu ya ajiye a gabansa: ƙwai ɗaya, kwalin ashana, gwangwanin madara, da mazurari.

SIFFOFI HUƊU

Takarda shimfiɗaɗɗiya ce, tana da tsawo da faɗi kawai. Mutum kuwa yana da tsawo da faɗi da kauri, ana iya kewaya shi. Babban aikin mai zane shi ne ya sa ido ya ga kauri a inda babu shi. Dalili ke nan da ya sa ake farawa da abubuwa masu sauƙin gani.

Na farko, ƙwallo da ƙwai. Da'ira kaɗai ba ta nuna kauri. Amma in an ja layi biyu masu lanƙwasa a kanta, ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye, kamar yadda ake ɗaure tulu da igiya, nan da nan sai ta zama mulmulalliya.

Na biyu, akwati. Ido ba ya ganin fiye da fuska uku na kwalin ashana a lokaci guda. Amfanin akwati shi ne yana nuna gaba da gefe da sama a fili, saboda haka yana faɗin inda abu ya fuskanta.

Na uku, gwangwani. Asirinsa yana bakinsa. A ɗauki faifai a riƙe shi tsaye a gaban ido, za a gan shi da'ira cikakkiya. A kwantar da shi kaɗan kaɗan, sai da'irar ta riƙa tsukewa har ta zama layi ɗaya. Haka bakin gwangwani yake yi, kuma da faɗin bakin ne mai kallo yake gane ko gwangwanin ya karkato wajensa ko ya kauce.

Na huɗu, mazurari, watau abu mai faɗi a gefe ɗaya da tsukewa a ɗayan, kamar jinkar ɗaki. Gaɓoɓin mutum galibi tsakanin gwangwani da mazurari suke, domin suna da kauri a sama suna sirancewa a ƙasa.

Lalle ne mai koyo ya zana kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan ta sama da ta ƙasa da ta gefe, har hannunsa ya saba. Ya riƙa zana su kamar na gilashi ne, watau har da layukan da suke ɓoye a baya. Wanda ya tsallake wannan mataki zai sha wuya a gaba.

MA'AUNIN JIKI

Tun kafin zuwan tef ɗin awo, Bahaushe da jikinsa yake auna abu, da taƙi da kamu da gaba. Masu zane su ma haka suke yi, sai dai mudunsu shi ne tsawon kai, daga tsakar ka zuwa haɓa. Tsawon baligi kimanin kai 7 da rabi ne, amma domin sauƙin rabawa akan koyar da kai 8.

A ja layi a tsaye a raba shi biyu, a sake raba kowane rabi biyu, a kuma sake rabawa, sai a sami kashi 8. Kashi na 1 ya ƙare a haɓa. Na 2 ya ƙare a tsakiyar ƙirji. Na 3 a cibiya. Na 4 a mahaɗar cinyoyi, nan ne kuma tsakiyar tsawon mutum. Na 5 a tsakiyar cinya. Na 6 a ƙarƙashin gwiwa kaɗan. Na 7 a tsakiyar ƙwauri. Na 8 a tafin ƙafa.

In mutum ya saki hannuwansa, gwiwar hannu tana zuwa kusa da layin cibiya, wuyan hannu daidai mahaɗar cinyoyi, yatsu kuma su kai wajen tsakiyar cinya. Faɗin kafaɗun namiji ya kusa tsawon kai 2, na mace bai kai haka ba. Gaba ɗaya ta mutum, watau daga yatsa zuwa yatsa in ya buɗe hannuwa, kusan daidai take da tsawonsa. Hannu, daga wuyansa zuwa ƙarshen yatsu, yana rufe fuska daga haɓa zuwa goshi. Idanu kuwa a tsakiyar kai suke, ko da yake yawancin masu koyo sukan kai su can sama.

Yaro yana da nasa ma'auni. Ɗan shekara 1 kimanin kai 4 ne, kuma tsakiyar tsawonsa tana wajen cibiya. Ɗan shekara 5 ya kusa kai 6. Wanda ya manta da wannan zai zana ƙaramin dattijo a bayan uwa a maimakon jariri.

Amma fa a sani cewa wannan ma'auni jagora ne kawai, gama Allah ya halicci mutane dabam dabam, da dogo da gajere, da mai jiki da siriri. Hanyar tabbatarwa ita ce mai zane ya miƙe hannunsa sosai riƙe da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya daidaita bakin fensirin da tsakar kan wanda yake zanawa, ya sa babban yatsa daidai haɓarsa. Sa'an nan ya riƙa sauko da wannan awo yana ƙirgawa har ƙasa.

HARHAƊA JIKI

A jikin mutum akwai manyan sassa uku waɗanda ba sa lanƙwashewa: kai, da kejin haƙarƙari, da ƙashin ƙugu. Ƙashin baya ne ya haɗa su, shi ne kuma yake lanƙwasa yana murɗawa. Saboda haka a bi wannan tsari.

1. A ja layi ɗaya mara nauyi daga kai zuwa ƙafa wanda yake nuna yadda jikin ya tsaya ko ya karkata.

2. A ɗora ƙwai a sama, tsininsa yana ƙasa, ya zama kai. A ja masa layin tsaye inda hanci zai zauna, da layin gicciye inda idanu za su zauna. In layin gicciye ya lanƙwasa sama, mutumin yana ɗaga kai. In ya lanƙwasa ƙasa, ya sunkuyar.

3. A zana babban ƙwai ko akwati domin ƙirji, tsawonsa kimanin kai 1 da rabi. Mutum yana da haƙarƙari 12 a kowane gefe, amma ba a bukatar zana su, siffar kejin kawai ake so.

4. A bar ɗan fili, sa'an nan a zana ƙaramin akwati domin ƙugu. Wannan fili shi ne ciki, wuri mai taushi wanda yake matsewa a gefe ɗaya yana miƙewa a ɗayan.

5. A haɗa kai da ƙirji da gajeren gwangwani mai karkata gaba kaɗan, shi ne wuya.

6. A sa ƙananan ƙwallaye a kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu, da kwankwaso da gwiwa da idon sawu.

7. A haɗa ƙwallayen da gwangwanaye masu sirancewa: damtse da sangalin hannu, cinya da ƙwauri.

8. Tafin hannu ya zama siririn akwati kamar kwalin ashana. Ƙafa kuwa ta zama kamar bakin gatari, mai tudu a wajen idon sawu, mai faɗi a wajen yatsu.

Sai an gama wannan duka, an kuma duba ma'auni, kana a bi da layi mai nauyi a fitar da surar waje. Magini ba ya yaɓe kafin ya ɗora tubali, haka nan mai zane ba ya fara gashin ido kafin ya tsai da jiki.

Akwai wata dabara mai taimako. Yaran ƙauye sun gwanance wajen ƙera mota da kara. Da irin wannan kara, da ɗan yumɓu da waya, ana iya ƙera ɗan mutum-mutumin koyo mai tsawon taƙi ɗaya, mai lanƙwasa gaɓoɓi. Malami ya tsai da shi bisa tebur, ɗalibai su kewaye shi, kowa ya zana abin da ya gani daga inda yake zaune. In aka jera takardun a bango, za su ga da idonsu cewa abu ɗaya yana da fuskoki da yawa.

TSAYUWA DA MOTSI

Zane da yawa sukan fito kamar mutumin zai faɗi. Maganin wannan shi ne a sauko da layi miƙaƙƙe daga gindin maƙogwaro zuwa ƙasa, kamar igiyar awon magina. In mutum yana tsaye bisa ƙafa biyu daidai, layin zai sauka tsakaninsu. In ya jingina nauyinsa bisa ƙafa ɗaya, layin zai sauka kan wannan ƙafa, kwankwason wannan gefe ya ɗaga, kafaɗar gefen kuma ta sauko.

Misalai suna nan ko'ina. Yarinya mai ɗauke da tulu takan tsai da kai da wuya da gadon baya a layi ɗaya. Manomi mai noma da fartanya a fadamar kogin Jama'are akwatin ƙirjinsa yana kifowa gaba, na ƙugunsa yana ja baya, gwiwoyi kuma a lanƙwashe. Mace mai daka, in ta ɗaga taɓarya, ƙirjinta yana miƙewa sama, in ta sauke sai ya matso kusa da ƙugu. Mahayin doki a hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Katagum, wadda take Azare tun 1916, cinyoyinsa gwangwanaye biyu ne da suka rungumi wata babbar ganga, watau cikin dokin.

Abu mafi wuya shi ne gaɓar da ta miƙo wajen mai kallo. In barde ya miƙo hannu yana jinjina, mai kallon da yake gabansa ba ya ganin tsawon hannun. Dunƙulen hannu yake gani babba, sangali a bayansa gajere, damtse kuma ya kusa ɓacewa. Hankali zai ce hannu dogo ne, a zana shi dogo, amma ido ya kamata a bi. A tuna da gwangwanin da aka fuskanto da bakinsa, a zana da'ira a bayan da'ira, na kusa yana rufe na nesa.

TUFAFI DA INUWA

Wani zai ce ina amfanin wannan wahala tun da babbar riga da zane da mayafi suna rufe jiki? Amsa ita ce tufa ba ta tsayuwa da kanta, jiki ne yake ɗauke da ita. Babbar riga tana rataye ne a kafaɗu, daga can ninkinta yake sauka. Zane yana kewaye ƙugu kamar yadda takarda take kewaye gwangwani, saboda haka bakinsa lanƙwasasshe ne. Bakin hula da naɗin rawani suna bin kewayen kai. In ba a fara tsai da siffofin ciki ba, rigar za ta fito kamar an shanya ta a igiya babu kowa a ciki.

Game da inuwa, a zaɓi gefe ɗaya da haske yake fitowa, kada a sake shi. Hasken hantsi ko na la'asar ya fi na tsakar rana nuna kauri. Fuskokin akwati uku suna da haske iri uku, mai haske da matsakaici da mai duhu. Gwangwani da ƙwai kuwa duhunsu a hankali yake shigowa. A ƙarshe a sa 'yar inuwa a ƙasa a gindin ƙafafu, in ba haka ba mutumin zai zama kamar yana shawagi a iska.

KURAKURAN DA AKA FI YI

Masu koyo sukan yi kai ya cika girma, hannuwa su gajarce, tafin hannu da na ƙafa su ƙanƙance. Sukan danna fensir tun farko har gyara ya gagara. Sukan gama fuska sarai sa'an nan su tarar takarda ta ƙare kafin a kai gwiwa. Maganin na ƙarshen nan shi ne a sa alamar tsakar ka da ta tafin ƙafa tun kafin a zana kome. Har ila yau, duban zane a madubi yana tona karkatar da ido ya saba da ita.

LADABIN MAI ZANE

Kada a zana mutum sai da izninsa, balle matan aure da 'yan mata. Kada a mai da zane abin yi wa wani ba'a saboda halittarsa. Wannan hanya ba ta bukatar kowa ya tuɓe tufafinsa, ɗalibi mai riga da wando yana iya tsayawa 'yan'uwansa su zana shi. Game da hukuncin yin surar abu mai rai kuwa, malaman addini sun yi bayani mai yawa a kansa, kuma wanda yake da shakka ya kamata ya tambayi malaminsa, ya faɗa masa irin aikin da dalilin yinsa.

AIKIN MAKO HUƊU

A keɓe minti 30 kowace rana. Mako na 1, a zana siffofin nan huɗu kaɗai ta kowace fuska. Mako na 2, a zana mutum a tsaye bisa ma'aunin kai 8, ta gaba da ta gefe da ta baya. Mako na 3, a zana mutane masu aiki, kowane zane kada ya wuce minti 2, ba fuska ba yatsu. Mako na 4, a sa tufafi da inuwa. A rubuta kwanan wata a kowace takarda a adana ta, domin a gwada ta farko da ta ƙarshe.

KIRA GA JAMA'A

Wanda ya iya wannan aiki ba zai rasa abin yi ba. Malamin makaranta yana bukatarsa, haka ma'aikacin lafiya da malamin gona. Tela yana nuna wa mai kaya fasalin ɗinki da shi kafin a sa almakashi. Masu rubuta allunan shaguna da masu yi wa littattafai hotuna da shi suke ci. Ko masu shirya hotuna masu motsi a kwamfuta, da akwati da ƙwallo da gwangwani suke soma gina surar mutum.

Saboda haka ana roƙon iyaye, in sun ga yaro yana zane a ƙasa da tsinke, kada su kore shi, su nema masa fensir da takarda. Ana roƙon shugabannin makarantu kada su mai da lokacin darasin zane ya zama na shara ko na hutu. Mai koyo kuma kada ya karaya in zanensa na farko ya ba shi dariya, ya ajiye shi ya ɗauki wata takardar, gama yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.